Yadda Ake Ɗinka Jakar Laftof Da Tsohon Tamfol Na Soja

Duk wanda ya taɓa sayen jakar laftof ta kasuwa ya san inda take fara mutuwa. Ko zif ya wangale baki ya ƙi rufuwa, ko maratayi ya tsinke a kafaɗa, ko kuma ledar nan mai kama da fata ta soma ɓarewa kamar saɓar maciji bayan bazara ɗaya. Tamfol ɗin soja kuwa an saƙa shi ne domin ya kwana a ƙasa, ruwa ya dake shi, a jefa shi bayan mota, gobe a sake kafa shi. Shi ya sa masu sana'ar hannu a Turai da Amurka suka daɗe suna farautarsa. A ƙauyen Törbel da ke kan duwatsun Suwizalan akwai kamfanin Karlen, wanda ke ɗinka jakunkuna da tsofaffin bargunan sojan ƙasar masu jan layi da farin kuros. A Amurka kuma 'yan'uwa mata biyu, Emily da Betsy Núñez, ɗayarsu hafsar soja a lokacin, sun kafa Sword & Plough a kan irin wannan aiki. Babu abin da ke cikinsa da ya fi ƙarfin tela da baduku na gida idan sun haɗa hannu.

Sai dai akwai abin da hotunan intanet ba sa nunawa. Tsohon yadi ba ya tsufa bai ɗaya. Nan yana da ƙarfi kamar kirgi, taki ɗaya daga nan kuma rana ta cinye shi. Kwamfutar da za ka saka a ciki ta fi jakar tsada ninkin ba ninkin, saboda haka tsohon kaya aikinsa fuska da kyan gani. Duk inda nauyi zai rataya, sai abin da ka gwada da hannunka ka yarda da shi, da sabon zare. A kan wannan aka gina duk abin da zai biyo baya.

Maganar doka tukuna

Dokar Najeriya ta hana farar hula sanya kakin soja ko abin da ke ɗauke da alamominsa. Sashe na 110 na kundin manyan laifuka ya yi magana a kai, rundunar soja kuma ta sha fitar da gargaɗi. Za ka iya cewa ai jaka ba riga ba ce, amma wannan muhawara ba a shingen bincike ake yin ta ba, ga kwamfutarka a hannun wani. Saboda haka ka bar duk yadi mai dabbare-dabbare, kome kyansa. Ka tsaya a kan mai launi ɗaya: kore mai duhu, ruwan ƙasa, ko ruwan toka. Ka cire baje, lambar muƙami da tambarin runduna. Kar kuma ka sayi kaya a hannun sojan da ke bakin aiki, domin kayan gwamnati ne, ba nasa ba. Abin da muke nema shi ne rarar kayan sojojin ƙasashen waje da aka yi gwanjonsu tun da daɗewa, irin waɗanda kan faɗo a dilar gwanjo a Ƙofar Wambai a Kano ko Katangowa a Legas, ko a samu wurin masu sayar da su ta intanet.

Abin da za ka nema

Mafi dacewa shi ne ƙaramin tanti na soja ɗaya. Tsohon na Amurka rabi-rabi aka yi shi, kowane soja ya ɗauki rabi, in dare ya yi biyu su haɗa da maɓallai su kwana a ciki. Na Tarayyar Sobiyet, wanda suke kira plash-palatka, murabba'i ne mai santimita 180 a kowane gefe, ana yafa shi a ruwa, ana kuma kafa shi. Guda ɗaya mai lafiya zai ba ka jaka biyu har da saura. Bayan tanti sai doguwar jakar kaya mai kama da buhu wadda soja ke zuba komatsansa. Yadinta ya fi na tanti kauri, ita na fi so a gindin jaka. Sai bel da maɗaurai na saƙar auduga, irin na sojan Ingila samfurin 1937 da na 1958, da kawunan bel da zobban da ke jikinsu. In ka ci karo da bargon ulu, kar ka bar shi, zai yi aiki a ciki.

Masu saƙar tamfol suna ba shi lamba, kuma lambar a juye take: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Lamba 10 tana kusan giram 500 a murabba'in mita, ita ce daidai jikin jaka. Lamba 8 ta haura giram 600, ta dace da gindi, amma keken gida zai sha wuya da ita. A kasuwa ba wanda zai faɗa maka lamba, sai ka ji da hannu. In ya fi wandon jins kauri, kana kuma iya ninka shi huɗu ka matse da yatsu biyu, ya yi.

Jabu ya yi yawa, domin akwai masana'antun da ke rina sabon yadi kore su buga masa rubutu. Tambari na taimakawa wajen ganewa. Kayan ƙasashen ƙungiyar NATO kan zo da lamba mai alƙaluma 13, na biyar da na shida su ne ke nuna ƙasa: 00 ko 01 Amurka, 99 Birtaniya, 12 Jamus, 14 Faransa. Tsofaffin kayan Ingila suna da 'yar alama mai kama da kan kibiya. A kayan Amurka, in lambar kwangila ta fara da DSA, kayan bai wuce 1977 ba, daga baya aka koma rubuta DLA.

Abu uku ne zan ce ka kauce musu. Na farko manyan tantuna masu maiƙo a hannu da wari mai hawa kai. An jiƙa su ne da magungunan hana cin wuta da hana funfuna, wanki ba ya fitar da su, kuma ba abin da za ka so ya riƙa gogar jikinka kullum ba ne. Na biyu jakar takunkumin kariya daga iskar guba, in har takunkumin na ciki. Matatar irin waɗannan na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu tana ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, kar ka buɗe, kar ka shaƙa. Na uku ba haɗari ba ne, daraja ce. In a gidanku aka gaji bel ko jakar kakan da ya je yaƙin Bama da runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, kar almakashi ya kusance ta. Jakar laftof ana iya yin wata gobe, wannan kuwa in an yanka shi ke nan.

Gwajin yadi, wurin da ba a gaggawa

Ka baje yadin ka ɗaga shi tsakaninka da rana. Inda haske ke ratsowa fiye da sauran wuri, nan ya sirance, ka kewaye shi da alli. Ka bi layukan da aka daɗe ana ninke shi a kai, domin nan zare ke fara karyewa. Ka duba kewayen duk wani ƙarfe, tsatsa tana cin auduga har ta bar rami. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo alamar funfuna ce. In a sama kawai take, wanki zai rage ta, amma in ka kankara da farce ka ga zaren na marmashewa, ta riga ta shiga.

Sai babban gwaji. Ka tsaga santimita ɗaya da almakashi a bakin yadin, ka kama da hannu biyu ka ja da ƙarfinka. Lafiyayyen tamfol zai yi maka gardama, in ma ya yage sai da ƙara. Ruɓaɓɓe kuwa zai bi hannunka shiru kamar takarda. Ka yi haka a wuri uku ko huɗu, a tsaye da kuma a kwance, musamman ɓangaren da ya fi koɗewa, don shi ne ya fi shan rana. Jakata ta farko a nan na yi sakaci. Na gwada gefe ɗaya ya riƙe, na yanka gefen jaka daga ɗaya ɓangaren da ban taɓa ba. Wata biyu ba a yi ba, ina saukowa daga adaidaita sahu, yadin ya yage a kewayen ɗinkin maratayi, ɗinkin kansa ko gezau. Allah Ya taimake ni littattafai ne a ciki ranar.

Bel ma haka za ka yi masa. Ka ɗaura shi a reshe ko ƙarfen taga ka saki nauyinka a kai. In ka ji yana ƙas-ƙas, ya koma ado, ba zai ɗauki kaya ba. Zobba da kawunan bel kuma ka kanga musu maganaɗisu. Tagulla ba ta kamawa, ba ta kuma tsatsa, sai dai koren datti da lemun tsami da gishiri ke fitarwa. Wanda ya kama ƙarfe ne, in tsatsa ta ci shi ka yar.

Farkewa da wanki

Ka farke tsofaffin ɗinkuna da reza a hankali, kar ka amince da ko ɗaya. Zaren ɗinki ya riga yadi mutuwa. Ka cire duk ƙarafan da za su ciru, ka kakkaɓe ƙura a waje, sa'an nan ka jiƙa yadin a ruwan sanyi da sabulun wanki na gari kamar awa ɗaya, ka goge da burushi mai laushi. Ban da bilic, yana kashe launi yana kuma raunana zare. In warin ajiya ya ƙi fita, ka sake jiƙa shi a ruwa kofi huɗu da ruwan khal kofi ɗaya, gwargwadon yawan yadin, ka ɗauraye sosai. A inuwa mai iska za ka shanya. Auduga tana tsukewa in ta sha ruwa, shi ya sa wanki ke riga awo. Ka goge shi da sauran ɗan danshi a jikinsa, in ya bushe ƙarau dutsen guga ba ya iya masa.

Tabon da ya rage ka bar shi. Wani ma shi ne kyan jakar.

Awo da yanka

Incin da ake faɗa a laftof awon allo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ba girman jikinta ba, saboda haka ka ɗauki tef ka auna taka. Mai inci 15.6 yawanci tana kusan santimita 36 a faɗi, 25 a tsayi, kauri 2 zuwa 2.5. Ƙa'idar da nake bi: ƙara 6 a faɗi, ƙara 6 a tsayi. Jakar wannan kwamfuta ke nan za ta gama a 42 da 31, zurfinta 9, wanda zai ɗauki caja da littafi biyu ba tare da ta kumbura ba. Kowane gefe za a bar santimita 1.5 na ɗinki. Ga abin da za ka yanka a tamfol:

Gaba: 45 da 34.
Baya haɗe da marfi, falle ɗaya: 45 da 66. Wato 31 na baya, 9 na rufe baki, 23 na marfin da zai sauko gaba, da 3 na ɗinki.
Ɗamarar gefe, wadda za ta taso daga wannan kafaɗa ta bi gindi ta haura waccan: 12 da 110. Abin da ake buƙata 107 ne, ragowar a datse daga baya.
Ƙarin gindi daga yadi mafi kauri: 12 da 57.
Aljihun gaba: 45 da 22.

Shafi kuma, gaba da baya da ɗamara, daidai da waɗannan, daga sabon yadin auduga mai santsi. Ka zaɓi mai haske, domin neman filas a cikin baƙar jaka wahala ce. Sai falle biyu na 45 da 28 na bangon da zai raba kwamfuta da sauran kaya.

Ka fara yanka su a kwali. Da kwalin za ka riƙa yawo a kan tamfol kana kauce wa wuraren da ka kewaye da alli. Ɗamara ita za ta fara zaɓen wuri, a ba ta inda ya fi ko'ina ƙarfi, don a jikinta maratayi zai zauna. Marfi ya biyo baya, a ba shi inda ya fi kyau. Duk fallayen su bi tsayin zare ɗaya, in ka yanka ɗaya a karkace jakar za ta murɗe bayan an fara amfani da ita. Tambarin shekara da lambar kaya abin sha'awa ne, amma ni a cikin marfi nake sa shi, inda sai mai jaka ya buɗe zai gani. Dalilin yana can sama inda muka yi maganar shinge.

Abin da zai kare kwamfuta

Soson katifa ba ya aiki a nan, yana lotsewa har ƙasa yana kuma shan ruwa. Ka nemi robar nan mai laushi da masu takalma ke sawa a tafin silifa, mai kaurin milimita 5 ko 6. Ka yanka 41 da 30 na baya, 41 da 24 na bangon tsakiya, 41 da 8 na gindi. Ka lura duk sun gaza yadin, da gangan ne, don kar roba ta shiga layin ɗinki. Bargon soja ninki biyu yana iya maye gurbinta a bangon tsakiya, amma a rufe shi da shafi, gashinsa na shiga kafofin iskar kwamfuta.

Keke, allura da zare

Baƙin keken nan na Butterfly ko Singer zai yi yawancin aikin in ka sa masa allura lamba 18, wadda ake kuma rubuta wa 110. Zare ya zama nailan ko foliyesta mai ƙarfi irin na masu kujerun mota. Wanda ake kira Tex 70 shi ne iyakar abin da keken gida ke ja lafiya. Ka buɗe takun ɗinki ya kai milimita 3.5 zuwa 4. Ƙananan taku a tsohon tamfol huda shi suke yi a jere kamar takardar rasit, ja ɗaya ya rabu. Inda yadi ya taru ninki shida ko takwas, ka dake shi da guduma a kan katako ya kwanta, ka juya keken da hannu taku ɗaya-ɗaya. In ya ƙi, kar ka karya allura a banza, ka kai wa masu ɗinkin tamfol ɗin mota ko mai keken takalma su wuce maka wurin. Fil ba ya shiga wannan kauri, da 'yan maƙalan takarda na ofis ake riƙe shi.

Ɗinkin kansa

Mataki na farko, aljihun gaba. Ka kalmashe bakinsa sau biyu ka ɗinke, ka ɗora shi a kan fallen gaba gindi da gindi, ka bi gefuna da ɗinkin riƙo. Ka raba shi biyu da layi ɗaya a tsaye, ka maimaita ɗinki a saman layin sau uku, nan hannu ke ja kullum. A nan ne kuma za ka kafa ƙananan maɗaurai biyu masu kawunan bel, kowanne santimita 10 daga gefe, da ɗan kirgi a bayan yadin ya tallafe su.

Na biyu, ɗamara. Ka ɗora ƙarin gindi a tsakiyarta ta waje, ka kalmashe bakunansa biyu ka ɗinke. Zai rufe gindin duka ya haura santimita 6 a kowane gefe, wato kusurwoyin da ke gogar ƙasa. Kafin ka sa shafi, ka gama da mazaunin maratayi, bayaninsa na tafe.

Na uku, bangon tsakiya. Ka haɗa fallayen nan biyu fuska da fuska, ka ɗinke sama da ƙasa, ka juya, ka zura robar a ciki. Yanzu ka ɗora shi a kan shafin baya, a nan ne sirrin jakar yake: layin gindinsa ya zauna santimita 3 sama da inda ɗinkin gindin jaka zai bi. Ka ɗinke shi a nan layi biyu. Kwamfuta za ta zama a rataye ke nan a cikin jaka, in an dangwarar da ita a ƙasa gindin jaka ne zai sha dukan, ba gefen kwamfuta ba. Irin wannan dangwararwa tana iya fasa allo ta kusurwa. Ka sa ɗan maɗauri daga shafin baya ya ƙetaro saman kwamfuta ya kama bangon, don kar ta zame in jaka ta kife.

Na huɗu, ka haɗa kowane falle da shafinsa baya da baya, roba a tsakani, ɗan gam kaɗan ya riƙe ta, ka bi gefuna da ɗinkin riƙo. Yanzu kana da abu uku: gaba, baya mai marfi, da ɗamara. Ka kalmashe bakin gaba na sama, ko ka naɗe shi da fata.

Na biyar, haɗawa. Ka sa alama a tsakiyar gindin gaba da tsakiyar ɗamara, ka haɗa su fuska da fuska. Daga tsakiya za ka fara ɗinki zuwa dama, ka dawo tsakiya ka nufi hagu. In ka faro daga wannan kafaɗa ka zarce waccan, ƙafar keke za ta tura yadin sama, ka ƙare da jaka mai karkataccen baki. A kowace kusurwa ka tsaga ɗamara santimita ɗaya, ka bar allura a ƙasa, ka ɗaga ƙafa ka juya. Haka za ka yi da baya. Ka datse rarar ɗamara, ka kalmashe bakunanta. Ka sake bin duk ɗinkin da layi na biyu, ka naɗe ɗanyen bakin da tef na yadi, domin tamfol yana zarewa. Sai ka juya jakar, ka tura kusurwoyi da gindin cokali, ba da almakashi ba.

Na shida, bakin marfi. Ka zagaye kusurwoyinsa biyu da bakin kofi ka yanke, ka naɗe gefen duka da tsirin fata mai faɗin santimita 3. Nan ne jar fatar akuya ta Sakkwato ke nuna kanta, tana da laushi, tana bin lanƙwasa, ja a kan kore kuma sai wanda ya gani. Kafin ka saya, ka goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle. Wata tana zuba, kar ta ɓata wa mutum riga. Ga nauyi kuwa fatar akuya ba ta isa ba, kirgi ake sawa. A ƙarshe ka kafa dogayen maɗaurai biyu a kan marfi daidai da kawunan bel na ƙasa. Ka cika jakar da kaya kafin ka huda ramukansu, in ka huda tana fanko za su gaza.

Ƙura da ruwa ta kusurwoyin sama suke shiga, inda marfi ya bar 'yar kafa. Ka yanka 'yan kunnuwa biyu na tamfol, 9 da 7 bayan kalmasa, ka ɗinka a bakin ɗamara su kwanto ciki. Wanda ya yi hunturu ɗaya da jakar zai gode maka.

Maganaɗisu a marfi ba na ba da shawararsa. Laftof da dama da maganaɗisu suke gane an rufe su, wani na waje in ya matso wurin yana iya rikita su. Kuma kar bayan ƙusa ko wani ƙarfe ya fito a ɓangaren kwamfuta, duk wanda ya leƙo ka liƙa masa fata.

Maratayi

Bel mai faɗin santimita 4 zuwa 5, tsawo kamar 150, da abin ragewa da ƙarawa. In tsohon bel ya ci gwajin rataya, madalla. In bai ci ba, ka sayi sabo mai launi kusa da shi, babu abin kunya a ciki. Yadda ya fi ƙarfi shi ne ka sa wani bel ɗin ya bi ɗamara tun daga wannan kafaɗa, ta ƙarƙashin gindi, har waccan, kowane ƙarshe ya naɗo zobe ya dawo santimita 8. Ta haka nauyi a kan bel yake zaune, tsohon yadi rakiya kawai yake yi. Wannan shi ne gyaran kuskuren da na ba ka labari.

A ƙarƙashin kowane zobe ka yi ɗinkin akwati, murabba'i mai santimita 4 da gicciye a cikinsa, ka bi shi sau biyu, da ɗan kirgi ta ciki. In keke ya gaza, ka yi na dukawa: ka huda ramuka, zare ɗaya mai kaki, allura biyu suna saɓawa a kowane rami. Irin wannan ko taku ɗaya ya tsinke sauran ba sa warwarewa. Ƙusar ribit tana ƙara ƙarfi a fata, amma ita kaɗai a kan tsohon tamfol rami take buɗewa.

Kakin zuma a kan kakin soja

Wanki ya tafi da abin da ya rage na maganin ruwa, sai a mayar. Ka sa kakin zuma kashi biyu da kyandir kashi ɗaya a gwangwani, ka ɗora gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi su narke, ban da kan wuta kai tsaye, yana kamawa. Ka zuba a ƙaramin mazubi ya daskare kamar sabulu. Na fifita kakin zuma ne saboda sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, kyandir kuwa ya fi saurin saki, ga ranar Afrilu a ƙasarmu.

Ka goga dunƙulen a marfi, gaba, gefuna da gindi, sa'an nan ka bi da na'urar busar da gashi, ko ka ɗora takarda ka bi da dutsen guga mai ɗan ɗumi, har yadin ya shanye. Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Ka ƙara a layukan ɗinki. Launin zai ƙara duhu, ka fara gwadawa a ƙyallen da ya rage. Bayan jakar da ke gogar jiki kuwa ka bar shi haka nan, in ba haka ba ranar Juma'a farar shadda za ta ba da labari. Ciki ma ba a shafawa. Daga nan jakar ta daina shiga ruwan wanki, sai goga da jiƙaƙƙen tsumma, a sabunta kakin kafin kowace damina.

Kafin kwamfuta ta shiga

Laftof da caja da littattafai ba kasafai suke wuce kilo biyar ba, saboda haka ka gwada da kusan ninkinsa. Ka zuba gorar ruwa shida masu lita ɗaya da rabi, kilo tara ke nan, ko duwatsu masu wannan nauyi in gorunan ba su shiga ba. Ka rataye jakar ta maratayi ta kwana. Da safe ka fizge ta sama sau goma, ka duba ramukan allura a kewayen zobba. In sun yi tsawo sun zama kamar ƙwayar shinkafa, yadin na ba da kai, ka farke ka faɗaɗa kirgin ciki. Sa'an nan ka sa takarda a ciki, ka rufe, ka yayyafa mata ruwa da buta minti biyu. Inda takardar ta jiƙe, nan za ka ƙara kaki. Sai ka yanka katako ko kwali mai kauri daidai girman kwamfutarka, ka zura a mazauninta, ka saki jakar daga tsayin gwiwa a kan siminti, ka saurara. In ka ji katakon ya bugi ƙasa, ɗinkin gindin bangon tsakiya ya yi ƙasa da yawa, ka ɗaga shi da santimita ɗaya ka sake sakin ta.